*DARASIN LAFIYA: ƊAURIN HANNU MAI BARIN GAƁA TA MOTSA*

Da yawanku kun taɓa ganin wanda ya karye a wuyan hannu, ƙashi ya warke lafiya lau, amma yatsu suka sandare, ko cokali ba ya iya riƙewa. Dalili shi ne gaɓa ba ta son zama wuri ɗaya: in ta daɗe a ɗaure, jijiyoyi su taƙaice, tsoka ta zube.

*Yadda hannu yake*
Allah Ya halicci hannunka da ƙasusuwa 27: takwas a wuyan hannu, biyar a tafi, 14 a yatsu. Babu ƙusa ko ɗaya da ta haɗa su. Jijiyoyi da tsoka ne ke jan su ta kowane ɓangare, jan ya daidaita, su tsaya daram kuma su motsa. Dubi gargaren keke: siraran wayoyin nan da aka ɗaure tamau su ne ke riƙe da tsakiyar ƙafar. Irin wannan tsari, na sanduna masu ƙarfi da igiyoyi masu ja, shi masana ke kira *tensegiriti*. Kenneth Snelson ya ƙera samfurinsa a Amurka a 1948, malaminsa Buckminster Fuller ya raɗa masa suna.

*Ɗaurin hannu iri uku*
1. Mai hana motsi kwata-kwata, kamar simintin asibiti ko karan mai ɗori. Shi ake buƙata da farko, wajen mako shida ga babba in wuyan hannu ne ya karye.
2. Mai motsi, wanda ake sa wa roba tana ɗaga yatsu ko wuyan hannu, kai kuma kana lanƙwasawa da ƙarfinka. Likitocin gashin ƙashi na sa shi bayan ɗinkin jijiyar yatsa, ko ga wanda hannunsa ya langaɓe saboda rauni a jijiya.
3. Sabon da masu bincike a Jamus ke gwadawa, mai tsarin tensegiriti. Ɓangare ɗaya a dantse, ɗaya a tafin hannu, igiyoyi masu miƙewa ne kaɗai ke haɗa su.

*Me ya sa na ukun ya ja hankali?*
Wuyan hannu ba ƙyauren ƙofa ba ne da ke buɗewa ta hanya ɗaya. Yana yin sama da ƙasa, hagu da dama, har ya karkata. Ɗauri mai maɗaukin ƙarfe, in ya ɗan goce daga saitin gaɓa, sai ya riƙa murɗa ta. Mai igiyoyi kuwa bin hannun yake yi. Ba shi da nauyi, iska na shiga, kuma likita zai iya ƙara ja ko ya sassauta gwargwadon yadda sauƙi ke samuwa. Sai dai har yanzu yana matakin bincike, don haka in wani ya tallata maka shi a waya, riƙe kuɗinka.

*Abin da za ka yi a gida*
• Cire zobe da awarwaro nan take bayan rauni, kafin kumburi.
• Ɗora hannun a kan matashi, ya fi saitin ƙirji tudu.
• Yatsun da ba a ɗaure ba, da gwiwar hannu da kafaɗa, a riƙa motsa su kullum, sai in likita ya hana.
• Kada ka haɗa ɗaurin roba da kanka. Jan da ya yi yawa yana tsinka jijiyar da aka ɗinka.
• Mai shanyewar ɓarin jiki ko ciwon suga ba lallai ya ji zafi ba, ku riƙa duba masa fata.

*Alamomin haɗari*
Yatsu sun yi sanyi, sun yi fari ko baƙi-baƙi, sun mutu, ko ciwo na ƙaruwa musamman in an miƙar da yatsa. Wannan ɗauri ya matse jini. A garzaya asibiti a lokacin, ko da tsakar dare ne, domin tsoka na iya mutuwa cikin 'yan sa'o'i, har ta kai ga yanke hannu. Yara sun fi shiga wannan hali, don ba sa iya bayani.

In aka kwance ɗauri, ka tambayi likita ya tura ka sashen gashin ƙashi, kada ka wuce gida kai tsaye. Ku tura wa duk mai jinyar karaya. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.