AWON HAWAN JINI A GIDA DA AIKA WA LIKITA

Hawan jini cuta ce mai zuwa ba sallama. Mutum yana hawa doki, yana zaman fada, bai san yana da ita ba sai ran da ɓarin jikinsa ya shanye ko ƙodarsa ta lalace. Saboda haka likitoci ke so a riƙa awo a gida da na'ura, a aika musu da lissafin ta wayar hannu, su gyara magani ba sai an yi doguwar tafiya ba.

An gwada wannan dabara a Ingila a kan mutum 1,182, aka bayyana sakamako cikin 2018. Bayan shekara guda, jinin masu awo a gida suna aikawa ya fi na masu dogara ga awon asibiti kaɗai sauka da wajen maki 5. Abin kamar kaɗan ne, amma a sha'anin shanyewar jiki ba kaɗan ba ne.

To, sai dai likitan da ke nesa ba ya ganin majiyyaci, lamba kawai yake gani. In mudu ya yi ƙarya, ciniki duka ya ɓaci. Ga yadda za a yi. Kada a ci goro, ko a sha shayi ko taba, sai a bar minti 30 tsakani. A yi fitsari tukuna, a zauna minti 5 an jingina baya, ƙafafu a ƙasa, ba magana. A ɗora hannu bisa tebur daidai da zuciya. Wannan na hannu shi aka fi rainawa, alhali kuwa masu bincike na Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka sun nuna cikin 2024 cewa hannun da aka sake a gefe yakan ƙara wajen maki 6 na banza, na kan cinya kuwa wajen 4. Maɗaurin damtse kuma ya zama daidai da mai shi, gama ƙarami a hannun ƙato yana ɗaga lamba ƙwarai. Na'urar damtse ta fi ta wuyan hannu aminci.

A auna sau biyu da safe kafin shan magani, sau biyu da maraice, har kwana 7. A zubar da na ranar farko, a haɗa sauran a raba. In ya kai 135 bisa 85, likita zai duba. Ma'aunin asibiti 140 bisa 90 ne, don jinin wasu yakan hau da ganin likita.

Malaman hakimai, sau da yawa ku ne masu riƙe takardar. Mun san nauyin gaya wa ubangida abin da ba ya so ya ji. Duk da haka kada a mai da 163 ta zama 150, kada kuma a maimaita awo har a sami mai daɗi a aika da shi kaɗai. In lamba ta kai 180 bisa 120 tare da ciwon ƙirji, ko nauyin baki, ko mutuwar hannu, a bar waya, a ɗauke shi zuwa asibiti nan take.