Yaya Inji Ke Matse Auduga Ta Zama Dila?

Wani mai sauraronmu daga Funtuwa ne ya aiko da wannan tambaya. To malam, sirrin yana cikin mai. Famfo ne ke tura mai ta siririn bututu zuwa ƙarƙashin wani faffaɗan fistin. Shi mai ba ya matsuwa, saboda haka ƙarfin da aka sa masa a ƙaramin wuri sai ya ninku a babban wuri. Fistin ɗin ya danne gurzajjiyar auduga cikin akwatin ƙarfe, iskar cikinta ta fice, a ɗaure da waya tun kafin a saki. Haka ake yi wa gwanjo da kwali. Joseph Bramah, mutumin Ingila, ya yi rajistar wannan inji a 1795.