Ɗigo a cikin huhu

Wani manomi na Barmu ya yi wata biyu yana tari. Ɗansa ya kai shi babban asibitin Tawa. Aka auna kakinsa, ba a samu ƙwayoyin tarin fuka ba. Sai aka ɗauki hoton ƙirjinsa, wanda ake ce ma radiyo. Wani Bajamushe mai suna Rontgen ne ya gano hasken da ake ɗaukar wannan hoto da shi, a 1895.

Likita ya ɗaga hoton. Ga wani farin ɗigo, kamar ƙwarar gujiya, a cikin huhun dama. Gaban tsoho ya faɗi. Ya ce: «Likita, ciwon daji ne?» Likita ya ce: «Baba, kwantar da hankalinka. Yawancin irin wannan ɗigo ba ciwon daji ba ne. Sau da yawa tabo ne na tsohon ciwo, kamar tarin fuka. Amma sai mun bincika.»

Yaya likita yake bincike? Yana duba abu huɗu.

Na ɗaya, girma. Ɗigon da bai kai milimeta 6 ba, da wuya ya zama ciwon daji. Wanda ya wuce milimeta 30 kuwa, abin tsoro ne.

Na biyu, siffa. Mai sumul ya fi ba da kwanciyar hankali. Mai tsika kamar ƙarangiya, shi ake zargi.

Na uku, mai ɗigon. Shekarunsa nawa? Yana shan taba? Taba ce babbar mai kawo ciwon daji na huhu.

Na huɗu, lokaci. Tabo ba ya girma, ciwon daji kuwa yana girma. Ɗigo mai tauri in ya shekara biyu bai ƙaru ba, galibi ba mugu ba ne.

Waɗannan alamu hasashe ne, kamar na manomin da ke duban hadari. Ba a tabbatarwa sai an ciro ɗan yanki da allura an duba.

Tsoho bai taɓa shan taba ba, ɗigonsa kuma sumul ne. Likita ya ba shi maganin tari, ya aike shi Yamai a yi masa sikana. Wannan na'ura, da aka fara aiki da ita a Ingila a 1971, ta fi radiyo nuna ƙananan abubuwa. Bayan wata uku aka sake hoto. Ɗigo bai ƙaru ba.

Likita ya ce: «Madalla, Baba. Amma ka riƙa dawowa duk ranar da aka sa maka, ko da lokacin girbi ne. Ciwon da aka gano da wuri ya fi jin magani.»

Tambayoyi
1. Mi likita ya gani a cikin hoton?
2. Faɗi abu huɗu da likita yake dubawa.
3. Don mi aka sake hoto bayan wata uku?
4. Auna ƙwarar hatsi da ta wake. Wace ce ta kai milimeta 6?