Allon Da Ke Tambaya

A ƙauyuka da yawa na ƙasarmu babu likita, sai ɗakin shan magani da malamin asibiti guda. Daga can zuwa babban asibiti wani lokaci tafiyar yini ce. In kuwa rafi ya kawo da damina, sai a zauna jira.

A shekarar 2016 ƙungiyar Red Cross, tare da waɗansu masana na ƙasar Suwizalan, ta fara raba wa malaman asibiti na Jihar Adamawa wata 'yar kwamfuta mai kama da allo. A cikinta akwai manhaja mai suna ALMANACH, wadda aka shirya domin duba yara daga 'yan wata 2 zuwa 'yan shekara 5.

Wannan allo ba ya gaya wa kowa magana iri ɗaya. Da tambaya yake farawa. Watan yaro nawa? Nauyinsa nawa? Yana shan nono? Amsar da malam ya rubuta ita ke jawo tambaya ta gaba.

Ga misali. Uwa ta kawo ɗanta yana tari. Allo ya ce a ƙidaya numfashinsa cikin minti guda. Malam ya ƙidaya, ya sami 45. In yaron ɗan wata 6 ne, wannan bai yi yawa ba, gama jariri yakan yi numfashi da sauri, sai ya kai 50 ake damuwa. Amma in ɗan shekara 3 ne, tun daga 40 ake zaton ciwon huhu. Kun ga lissafi ɗaya, hukunci biyu. Sa'an nan allon ya faɗi magani da yawansa gwargwadon nauyin yaron, kamar yadda tela ke yanka riga daidai mai ita.

In mura ce kurum, sai ya ce kada a ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta, ko da uwa ta ɓata rai. In kuwa yaro yana jijjiga, ko ya kasa shan kome, ko yana amayar da duk abin da ya ci, sai ya ce a ba shi taimakon farko a garzaya babban asibiti.

Sai dai allo ba shi da ido. In malam ya kuskure ƙidaya, shi ma ya kuskure hukunci.

Yau in kun koma gida, ku nemi agogo, ku ƙidaya numfashin ƙanenku sa'ad da yake barci. Gobe ku zo mana da lissafin.