Tsohuwar Manhajar Lissafi A Sabuwar Kwamfuta: Darasi Ga 'Yan Kasuwar Mubi Da Bahuli

A ranar 14 ga watan Oktoba na shekarar 2025 kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen kulawar yau da kullum da yake bai wa Windows 10, kamar yadda ya yi wa Windows 7 a shekarar 2020, da kuma Windows XP a 2014. Ga mafi yawan jama'a wannan labari ne na masana kawai. Amma ga ɗan kasuwar da ya zuba lissafinsa na shekara ashirin ko talatin a cikin tsohuwar manhaja, batu ne na dukiya, domin ranar da tsohuwar na'urarsa ta mutu ya sayo sabuwa, yana iya tarar da cewa littafin bashinsa ya ƙi buɗuwa.

Mubi gari ne na fatauci. Shanu da hatsi da kayan masarufi suna shiga suna fita tsakaninta da ƙasar Kamaru ta garuruwan kan iyaka, ciki har da Bahuli a ƙaramar hukumar Mubi ta Arewa, kuma kaso mai yawa na wannan ciniki bisa amana ake yinsa. A ɗauki kaya yau, a biya bayan kasuwa biyu ko uku, wani da naira, wani da sefa. Saboda haka jarin babban ɗan kasuwa ba a sito kaɗai yake ba, wani sashe nasa yana hannun mutane, kuma shaidarsa ita ce abin da akawu ya rubuta. Wanda ya mai da wannan rubutu cikin kwamfuta tun shekarun 1990, galibi ya yi amfani ne da DacEasy ko Peachtree, ko kuwa wani ɗan gari ya tsara masa tasa da dBase ko FoxPro ko Clipper. Masu iya magana sun ce da tsohuwar zuma ake magani, kuma lallai irin waɗannan manhajoji ba su da nauyi, akawu ya san su kamar yunwar cikinsa. Ba dalilin da zai sa a yar da su da garaje.

Dalilin ƙin buɗuwar kuwa a gininsu yake. Manhajojin zamanin DOS da farkon Windows an rubuta su ne bisa tsarin da ake kira 16-bit. Windows mai 32-bit tana iya ɗaukarsu, amma mai 64-bit ba ta iyawa ko kaɗan, ga shi kuma Windows 11, wadda ta fito a watan Oktoba na 2021, mai 64-bit ce zalla. Wani lokaci ma manhajar kanta za ta iya aiki, sai dai ɗan shirin da ke girka ta ne ya tsufa. Wasu kuma suna neman tsohuwar kafar firinta mai faɗi, wadda ake maƙala wa makullin lasisi ko firinta mai allura irin Epson LX-300, alhali sababbin na'urori ba sa zuwa da wannan kafa.

Mafita ita ce a gina wa tsohuwar manhajar ɗakinta a cikin sabon gida. Da shirin VirtualBox, wanda kamfanin Oracle ke bayarwa kyauta, ko Hyper-V da ke zuwa da Windows Pro, ana iya kafa kwamfuta a cikin kwamfuta, a sa mata Windows XP, manhajar ta zauna a ciki ba tare da ta san zamani ya canja ba. Idan kuma manhajar ta DOS ce tsantsa, akwai vDos da DOSBox-X. A nan sai a yi hattara da suna: DOSBox na asali don wasanni aka yi shi, bai dace da lissafin da mutum biyu za su riƙa taɓawa a lokaci guda ba.

Wannan batu na mutum biyu shi ne inda gizo ke saƙar. A ɗauka ɗan kasuwa yana da akawu a kanti mai yanka rasit, da wani a sito mai fitar da kaya, dukkansu suna rubutu a fayil guda da ke kan kwamfutar maigida. Tsofaffin manhajoji ba su da wani mai tsaron ƙofa a tsakiya. Kowace kwamfuta da kanta take zuwa ta kulle layin da za ta gyara, ta rubuta, sannan ta saki. In kullin bai kama ba, akawun kanti ya rage buhu 40 daga cikin 200, na sito ya rage 30 daga cikin 200 ɗin nan dai, wanda ya rubuta daga baya sai ya shafe na farko. Littafi zai nuna saura 170, alhali 130 ne a ƙasa. Ba wanda ya yi sata, amma ranar ƙirga kaya sai an zargi wani, kuma sau da yawa yaron sito ne zai sha. Haka nan in wuta ta ɗauke, ko sadarwa ta tsinke ana tsakiyar rubutu, jadawalin da manhajar ke bi ta nemo suna yana iya wargajewa. Shi ya sa masu sanin aikin ke hana a ɗora irin wannan fayil a kan Wi-Fi. Waya ake ja daga na'ura zuwa na'ura, kuma kowacce a ba ta batirin ajiyar wuta, ba ta maigida kaɗai ba.

Akwai kuma wani gyaran gangar auzinawa da ya zama ruwan dare. Windows XP ba ta jin yaren raba fayil sai tsohon nan mai suna SMB1, wanda Microsoft ya fara cirewa daga Windows 10 tun 2017. Da makaniki ya ga na'urorin sun ƙi ganin juna, sai ya koma ya kunna SMB1, aiki ya tashi, kowa ya yi murna. To, ta wannan ƙofa ce cutar WannaCry ta bi a watan Mayu na 2017, ta kulle fayilolin jama'a a ƙasashe kimanin 150, har da asibitocin gwamnati a Ingila, tana neman kuɗin fansa. Wanda ya buɗe wannan ƙofa a na'urar da ke haɗe da intanet ya bar sitonsa ba kwaɗo. Abin da ya fi, in manhajar ta DOS ce, a sa vDos a kowace sabuwar kwamfuta, fayil ya zauna a kan Windows ta zamani, domin vDos yana miƙa wa Windows aikin kullewa. In kuwa dole sai an yi da XP, a tsare ta a ɗakinta, a yanke ta daga intanet gaba ɗaya, akawu ya riƙa leƙa ta daga nesa ta Remote Desktop, ta yadda fayil ɗin ba zai bar na'ura guda ba. Sai dai a sani Windows ta gama-gari mutum ɗaya take bari ya shiga a lokaci guda. Mai akawu uku sai ya nemi Windows Server da lasisinta, kuma wannan kuɗi ne da ya kamata a auna shi da farashin sabuwar manhaja.

Ko da an shawo kan na'ura, tattalin arziki ma yana tsufar da manhaja. Harajin VAT ya fara aiki a Nijeriya a 1994 a kan kashi 5 cikin 100, aka ɗaga shi zuwa 7.5 daga 1 ga Fabrairu 2020, kuma inda mai tsarawa ya dasa lambar 5 a cikin ginin manhajar, ba akawun da zai iya canja ta. Wadda ta fi wannan ɓoyuwa ita ce faɗin gurbin kuɗi. A dBase, gurbi mai faɗin 10 da aka ware wa kwabo biyu ba ya ɗaukar abin da ya wuce naira 9,999,999.99. A tsakiyar shekarun 1990, lokacin da dala take kusan naira 22 a farashin gwamnati, naira miliyan goma dukiya ce ta attajiri. A 2024 dala ta haura naira 1,500, kuɗin shanun tirela guda ma ya wuce haka. Idan adadi ya fi ƙarfin gurbi, taurari manhajar ke nunawa a madadin lamba, jimillar ƙarshen wata kuma ta tashi a gurguje.

Don haka duk wannan dabara sayen lokaci ce, kuma amfanin lokacin shi ne a fitar da bayanan. Dokar kamfanoni ta 2020 ta wajabta ajiye littattafan lissafi na tsawon shekara shida. Fayilolin dBase da FoxPro suna buɗuwa a LibreOffice da Excel, Peachtree kuma, wanda ya koma Sage 50 a 2012, yana iya fitar da jerin abokan ciniki da bashinsu a fayil na rubutu zalla. Ya kyautu a yi haka kowane ƙarshen wata, a kuma buga jerin masu bashi a takarda.

Mutanen Mubi ba sa bukatar a yi musu dogon bayani a kan inda za a ajiye kwafin. A ƙarshen Oktoba na 2014 mayaƙan Boko Haram suka mamaye garin, jama'a suka fice da abin da ke jikinsu, wasu zuwa Yola, wasu suka tsallaka Kamaru, kafin a ƙwato shi a cikin Nuwamba. Kwamfutar da aka gina a cikin kwamfuta 'yan fayiloli ce kawai, tana shiga cikin filashi guda tare da manhajarta da lissafinta. A rufe ta sarai kafin a kwafa, a ajiye ɗaya a gida, a aika da ɗaya wani gari, sannan duk bayan wata uku a kunna kwafin a wata na'ura dabam a ga ko jimillar bashi ta zo daidai da ta takarda.