In za ka Argungu kallon su daga Dakoro

Mu mutanen Dakoro ruwanmu a ƙasan rijiya yake, sai an ja da guga, wani wurin ma sai an ɗaura wa sa ko raƙumi igiya. Kifi kuwa busasshe muka fi sani. Don haka wanda ya ƙudurta zuwa bikin kamun kifi na Argungu, a jihar Kebbi ta Najeriya, gara ya san abin da zai tarar tun bai ɗaura kaya ba.

Gasar nan da kake gani a talabijin awa ɗaya ce kacal. A harba bindiga, dubban masunta su kwasa a guje su faɗa kogin Matan Fada, kowa da komarsa da ƙaton goransa, kafin ka gama raba ido an fara kai kifi ma'auni. Bikin kuwa kwana huɗu ne, kuma wanda ya iso ranar ƙarshe kaɗai ya yi asarar kuɗin mota. A kwanakin farko ne ake kabanci, wato wasannin ruwa na Kabawa, mutanen yankin: tseren kwale-kwale, nutso, kamun agwagwar ruwa, da kama kifi da hannu tsirara. Ga kokawa da dambe, waɗanda ba sai an yi wa mutumin Nijar bayaninsu ba. Ka sauka da kwana biyu a hannu.

Ranar bikin ba tsayayya ba ce. Yakan faɗo tsakanin Fabrairu da Maris, kuma ya taɓa yin kusan shekara 10 ba a yi ba kafin a dawo da shi a 2020. Kada ka tashi sai ka ji sanarwa a rediyo. Hanya ita ce ka sauko kan babban titi, ka bi Madawa zuwa Birnin Ƙonni, ka tsallaka Illela, ka shiga Sakkwato, daga nan Argungu kusan kilomita 100 ne. Ka yi tafiyar da rana, ka tambayi direbobin tasha halin hanya, don sun riga kowa sani. Takardunka su cika, tun da Nijar ta fice daga CEDEAO a Janairun 2025 ka bincika abin da ake nema a iyaka. Canjin sefa zuwa naira ka yi shi a Ƙonni ko Illela. Masauki kuwa yana ƙarewa da wuri, in kana da ɗan'uwa ko abokin ciniki a garin ka yi masa waya tun da sauran lokaci.

Abin da baƙo ya fi kuskurewa shi ne ɗaukar kogin kamar filin ƙwallo. Bikin na yanzu ya samo asali ne a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, aka kawo ƙarshen tsohuwar gabar da ke tsakanin Sakkwato da Kabi. Amma al'adun ruwan sun girmi wannan ziyara nesa ba kusa ba, irin su gyaran ruwa da fashin ruwa. Matan Fada yana da mai shi: Sarkin Ruwa. Shi ke duba kogin, shi ke ba da izini, kuma duk shekara ana hana kamun kifi a wannan yanki don kifi ya ƙosa. Kabawa za su ce maka shi ke sa kadoji su kauce ranar gasa. Ko ka yarda ko ba ka yarda ba, ka kama bakinka. Baƙo ba ya wa'azi a bakin ruwan mutane, ba ya kuma dariya. 

Kada ka shiga ruwan. Na faɗa ne don na san halin samarinmu in ganga ta yi zaƙi. Wanda ya tashi a kwarin Tarka bai iya iyo ba, kuma kifin da ya ci gasar 2020 kilo 78 ne, nauyin ƙaton namiji. Ranar gasa ka sammako ka kama wuri mai tudu, da malafa da ruwan sha, kuɗi da waya a aljihun ciki. In da yaro ka zo, ka rubuta lambar wayarka ka sa masa a aljihu. Kafin ka ɗauki hoton masu sarauta ko mata, ka nemi izini.

In ka sami rarar awa biyu, ka leƙa gidan tarihi na Kanta, tsohuwar fadar da aka gina a 1831, inda makamai da tambura da kaburburan sarakunan Kabi suke. Tsaraba kuwa, kyafaffen kifi za ka saya. Ɗanye ba zai kai Ƙonni lafiya ba, balle Dakoro.