Tafiyar Yini Guda Zuwa Dutsen Kwatarkwashi

Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilmi. A cikin wannan darasi za mu tashi daga Talata Mafara da sassafe, mu tafi Dutsen Kwatarkwashi, mu komo kafin magariba. Mutumin Bakura da mutumin Maradun su tarad da mu a tasha. Amma tun wajen shekarar 2011 'yan fashin daji sun ɓata hanyoyin Zamfara, saboda haka kada kowa ya ɗauki wannan hanya sai ya tambayi waɗanda su ka san halin da a ke ciki. Mu dai yau a takarda za mu yi tafiyarmu. Abin da mu ke so mu gane shi ne, me ya tsare dutsen nan da dajinsa a zamanin da, me kuma zai tsare su yanzu.

1. Hanya

In an fita Mafara sai a nufi kudu maso gabas, a bi ta Maru, a wuce Bunguɗu, a shiga Gusau, wadda ta zama babban birnin Jihar Zamfara a shekarar 1996. Daga Gusau a kama hanyar Funtuwa. Tun ba a kai Tsafe ba, sai ka hangi wani baƙin dutse ya tokare sama, garin Kwatarkwashi kuwa yana kwance a gindinsa. Tafiyar duka ba ta kai mil ɗari ba. Wanda ya yi sammako zai isa da hantsi.

Baƙo mai hankali ba ya fara hawan dutse daga saukarsa. Ya kan je ya gai da masu gari tukuna, ya faɗi abin da ya kawo shi, ya roƙi a haɗa shi da ɗan gari wanda ya san hanya. Ya riƙi gorar ruwa, ya sa takalmi wanda ba ya santsi.

2. Yadda dutsen ya samu

Irin wannan dutse ba daga sama ya faɗo ba, ba kuwa tsiro ya yi kamar itace ba. Masana sun nuna a can ƙarƙashin ƙasa ya kahu. Da fari narkakke ne kamar dalma a wuta, sa'an nan ya huce a hankali ya daskare, ya yi tauri ƙwarai. Shekaru dubbai bisa dubbai ruwan sama da iska su na cin ƙasa mai taushi da ke lulluɓe da shi, har su ka tone shi, ya saura a tsaye shi kaɗai. Haka duwatsun Kufena na Zariya su ka samu.

Ka lura da gindin dutsen. Za ka ga itatuwa sun fi yin kyau a nan bisa ga na fili. Dalili kuwa, ruwan da ya zuba a kan dutse ba shi da inda zai nitse, sai ya gangaro ya taru a gindi. Saboda haka ƙasar wurin ta kan daɗe da laima, tsamiya da kuka da sauran itatuwa su sami abin sha har cikin rani. Inda itace da ruwa da kogo su ka haɗu, nan dabba ke zama. Don haka irin waɗannan duwatsu su ke zama gidan rema da birai da tsuntsaye iri iri. Mutum ma ya ga amfanin wurin, gama ga ruwa, ga kuma mafaka ranar yaƙi.

3. Dutsen tsafi

Masu ba da labarin garin sun ce wani maharbi mai suna Mangul shi ya fara zama a nan, garin kuwa ya sami sunansa daga mai sarauta na biyu, watau Kwatashi. A zamanin sarakunan Haɓe ƙasar nan ta na cikin mulkin Katsina. Dutsen ya yi suna da tsafin Magiro, wanda Maguzawa su ke ɗauka dodon kakanni ne. Ga su Maguzawa dutsen gidan iskoki ne, wurin yanka da roƙo. Ba nisa da nan kuwa ga 'Yandoto, garin malamai da littattafai. Ka ga ashe tun kafin jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda a ka fara a shekarar 1804, allo da tsafi sun daɗe su na maƙwabtaka a wannan yanki.

Ba Kwatarkwashi kaɗai ke da irin wannan labari ba. Littafin Tarihin Kano ya faɗi yadda Barbushe ya zauna a kan Dutsen Dala ya na bauta wa Tsumburbura, da yadda a ke da wani kurmi a Jakara wanda mutane ke jin tsoron taɓawa. Da Musulunci ya yi ƙarfi, tsoron ya kau. Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, ya kafa kasuwa a wurin. Har yau sunanta Kasuwar Kurmi, amma ba sauran kurmi sai suna.

Abin lura a nan shi ne wannan. Inda duk a ke tsafi, ba kowa ke shiga da gatari ko da baka ba. Ba don son itace ko tausayin dabba mutanen da su ka bar su ba, tsoro ne ya hana su. Amma ko da wane dalili ne, itacen ya tsaya, dabbar ta hayayyafa. Tsoron iskoki ya zama wa dajin shinge.

4. Maiki

Yanzu sai mu ɗaga kai mu dubi goshin dutsen, inda ya miƙe sak kamar bango. A irin wannan wuri maiki ke sheƙa, shi ne wanda a ke kiran tamatarsa mikiya. Maiki ɗan'uwan ungulu ne, amma ya fi ta girma nesa. In ya buɗe fukafukansa, daga wannan baki zuwa wancan ya kan kai ƙafa takwas. Turawa su na kiransa da sunan wani Bajamushe, Eduard Rüppell, wanda ya yi yawon binciken dabbobi a Sudan da Habasha. A cikin littattafan masu nazarin tsuntsayen Nijeriya, Kwatarkwashi ne wurin da a ka sani maiki na taruwa ya yi ƙwai. Mutanen garin ma sun san darajarsa, gama a da su na da bikin kamun maiki sau ɗaya a shekara, samari su hau dutse su kamo shi, a yi kiɗa, a yi taro.

Me ya sa maiki ke son dutse? Tsuntsu ne mai nauyi, kaɗa fiffike na gajiyad da shi. In rana ta gasa dutse, iskar da ke bisansa ta kan yi zafi ta tashi sama, kamar yadda hayaƙi ke tashi daga murhu. Sai maiki ya saki jiki daga goshin dutse, ya baza fukafukai, iskar nan ta ɗauke shi ta yi ta hawa da shi ya na kewaya. Daga can ya ke duban ƙasa, shi ya sa a ke cewa mikiya mai hangen nesa. Ran 29 ga Nuwamba 1973 wani jirgin sama ya yi karo da maiki a sararin Abijan, ta ƙasar Kwaddibuwa, a tsawon ƙafa 37,000, watau wajen mil bakwai. Ba a taɓa tabbatad da wani tsuntsu ya kai nan ba.

Aikinsa kuwa shara ce. Ba ya kisa, mushe ya ke ci. Ruwan cikinsa na da ƙarfin da zai kashe ƙwayoyin cuta, har irin na saifa mai hallaka shanu. In saniya ta mutu a daji, taron maiki da ungulu su kan cinye ta kafin ta ruɓe ta ɓata ruwan sha. Ma'aikata ne da ba su karɓar lada.

Sai dai ya na da rauni guda. Ƙwai ɗaya tak tamatar ke yi a shekara. A kan kwanta a kansa kusan wata biyu, ɗan kuma ya yi wajen wata biyar kafin ya tashi, sa'an nan sai ya shekara biyar ko fi kafin shi ma ya haihu. Kaza in ta rasa 'ya'ya goma, ta mayar da su kafin damina ta fita. Maiki in an kashe guda, sai an yi shekaru kafin a cike gurbinsa.

5. Abin da ya faru

Sarkin Kwatarkwashi Alhaji Ahmad Umar ya hau sarauta a 1961, ya rasu a 2022, shekararsa 61 a kan karaga. A cikin wannan zamani na mutum guda maiki ya kusa ƙarewa a Afirka ta Yamma. Wani Bafaranshe mai suna Jean-Marc Thiollay ya bi hanyoyin Mali da Burkina Faso da Nijar wajen 1970 ya na ƙidayar tsuntsaye. Ya sake bin hanyoyin nan a 2003 da 2004, ya tarar fiye da 90 cikin 100 na maiki sun ɓace. A 2015 a ka sa maiki da ungulu cikin jerin halittun da ke bakin ƙarewa a duniya. Kai mai karatu, ba sai an kawo maka shaida daga nesa ba. Tambayi kanka, yaushe rabonka da ganin ungulu a mahautar kasuwar Mafara ran Talata? Tambayi tsoho yadda su ke cika wurin sa'ad da ya ke yaro.

Dalilan uku ne. Na fari, namun dajin da maiki ke cin mushensu sun ƙare, an sare daji an yi gona da gawayi. Na biyu, guba. Wani ya kan zuba maganin ƙwari a mushe don ya kashe kura ko kare, sai tsuntsu hamsin su sauka su ci su mutu tare. Na uku, fatauci. Ana sayen kan ungulu da na maiki don haɗa magani da surkulle, mai kamawa kuwa ba ya jiran ranar biki, kullum ranarsa ce.

In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. A ƙasar Indiya, daga wajen 1990, wani maganin ciwon jiki da a ke yi wa shanu, mai suna diclofenac, ya kashe fiye da 95 cikin 100 na manyan ungulayensu, don ya na lalata musu ƙoda in sun ci mushen. Hukuma ta hana ba dabbobi maganin a 2006, amma kafin nan mushe ya yi yawa, karnukan da ba su da masu su sun ƙaru, haukan kare ya kashe mutane masu yawa.

6. Sabon shinge

Ba wanda zai ce a koma wa Magiro don a tsare tsuntsu. Tsohon shingen ya faɗi, ba kuwa za a tā da shi ba. Amma gonar da ba shinge, ta awaki ce. Gwamnati ta gwada nata shingen, watau doka. A kudancin Zamfara, wajen Ɗansadau, akwai Dajin Kuyambana da a ka keɓe don namun daji. Ya haɗa iyaka da Dajin Kamuku na Birnin Gwari, wanda En'e ta keɓe a 1936, ya zama gandun daji na ƙasa a 1999. Dazuzzukan nan sun yi suna da giwa da gwanki. Amma doka a takarda ba ta tsare itace in mutanen wurin ba su ɗauki dajin nasu ba. Kuyambana, da Dajin Sububu na arewacin Maradun, sun zama maɓoyar 'yan bindiga. Dajin da ya rasa mai tsaro ba ya zama banza, mugu ne ke gaje shi.

Shingen da ya fi ƙarfi sani ne. Kuma ba baƙon abu ba ne gare mu. Kowane alhaji ya san ba a farauta ba a kuma sare itace a haramin Makka. Kowane gari na da hurumi, wanda ba mai noma shi don na jama'a ne. Abin da ya rage shi ne a gane gindin dutse da goshinsa su ma hurumi ne. Ga abin da mutum guda ke iyawa. Kada ya zuba guba a mushe. Kada ya sayi kan ungulu ko na maiki, gama in ba mai saye, ba mai kamawa. In ya sare itace, ya dasa wani ya tsare shi har ya fi ƙarfin akuya. In ya ga ana ɓarna, ya gaya wa mai unguwa ko dagaci.

Rana ta yi sanyi, sai mu sauko mu yi sallama da masu gari, mu kama hanyar Gusau tun da sauran haske. Allah ya kawo mana zaman lafiya, wanda ya karanta wannan darasi ya je ya gani da idonsa, ya kuma tarad da maiki a kan dutsen.

Tambayoyi

1. Waɗanne garuruwa a ke bi daga Mafara zuwa Kwatarkwashi?
2. Don me itatuwa su ka fi kyau a gindin dutse?
3. Ina Kasuwar Kurmi ta samo sunanta?
4. Me ya sa kashe maiki guda ya fi kashe kaza goma ɓarna?
5. Faɗi abu uku da su ka rage maiki da ungulu. Wanne ne cikinsu ka taɓa gani a garinku?